Keken Yaya Mani Ya Je Kano

Tun da na dawo daga Kano ban samu na ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗora ƙafa a kan keken ɗinki sai wani ya leƙo rumfa, ya yi sallama, ya zauna a kan buhun ƙyalle, ya ce to Issufu, ba mu labari. Na ba Laminu mai goro, na ba masu awon gyaɗa, na ba limamin unguwarmu, kuma kullum labarin sai ya zagayo ya dawo mini da ƙari. Jiya ma na ji wai keken da na kawo yana tafiya da kansa. To, ga yadda abin ya faru daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, sai ya zo da yadi.

Dole in fara da wana, Yaya Mani, domin ba don shi ba da ban taka Kano ba. Shi ya gaji mahaifinmu a wanzanci. Ni aska ba ta karɓe ni ba, aka kawo ni koyon ɗinki nan Magarya, shi kuwa ya zauna gida Dungas da zabirar Baba da gidajen askin Baba. Wanda bai san wanzanci ba zai ɗauka gidan aski abin wasa ne. Gida ne da kakanka ya yi wa kakansu aski, ubanka ya cire wa ubansu beli, kai kuma in an haihu a gidan, dole da safiyar suna a gan ka da askarka. In ka fasa wani wanzami ya shiga, to ya shiga ke nan. Gidajen Yaya sun watsu a ƙauyuka daga Dungas har wajen Mallawa, kuma duk a kan keke yake bin su, wani baƙin keken Faransa da ya saya tuntuni a hannun wani tsohon soja.

Kun san hanyar, rairayi ne tsagwaronsa. Mai keke rabin tafiyarsa hawa ce, rabi turi. Da can Yaya bai damu ba, amma shekaru sun taru, gwiwarsa ta dama ta fara kumbura. An ce ya je asibiti wajen lokotoro ya ƙi, an ce ya bari a yi masa ƙaho ya ƙi, dama wanzami ba ya son jarfa. An ce ya sayi jaki, ya ce jaki ba ya haɗa ƙauye biyu a safiya ɗaya, amma ni na san girman kai ne, mutumin da duk ƙasar ta sani da Mani mai keke. Abin da ya tsorata ni ma ba gwiwar ba ce. Bara ya tura keke a rairayi har ya isa wani gidan suna, ya zauna, aka miƙo masa jariri, sai ya ga hannunsa na rawa don gajiya. Ya dubi kan jinjirin, ya dubi hannun, ya miƙa askar ga wani wanzami da ya zo cin suna. Gidan nan ya tafi har yau. Ni kaina, da shi ke mini aski tun ina yaro, in na je gida sai ya fara cewa in bari sai wani zuwa.

Ana haka Ilu shofer, direban kamyon, babbar motar nan da ke kai gyaɗa Kano, ya kawo wando in rage masa tsawo. Cikin hira ya ce yanzu a Kano akwai keke mai bitas kamar mota, su can giya suke ce mata: in ka zo tudu ka taɓa wani ɗan ƙarfe, feda ta yi laushi kamar ana tura ka. 'Yan rumfa suka yi dariya, don Ilu ba ya gajiya da ƙarin gishiri. Ni ban yi ba. Yini nake a kan inji inda babbar ƙafa ke juya ƙarama da igiya, na san in girmansu ya sauya nauyin da ke kan ƙafar mutum ma zai sauya.

Ranar kasuwar Dungas na je na faɗa wa Yaya. Yana wasa aska yana saurare har na gama. Da gari ya waye na tarar da keken jingine a ƙofar ɗakina, an cire zabira. Yana tsaye bai dube ni ba ya ce, "Matar ɗan Maigari Ɗan Ladi ta kusa sauka. In aka yi suna ba ni da keke, kada ka ƙara kira na Yaya." Gidan Maigari Ɗan Ladi shi ne mafi tsufa cikin gidajen Baba, kuma yana bayan babban tudun rairayin nan da ko matasa sai sun sauka sun tura.

Na kawo keken Magarya, muka tashi da hantsi a motar Ilu, ni a saman buhunan gyaɗa, rungume da keke kamar mai kai mara lafiya. Ilu ya ce in ɗaure shi in sauko gaba, na ƙi. A Tinkim muka tsaya wajen duwan, masu binciken kaya a kan iyaka. Wani dattijo cikinsu ya ɗago kai ya ga keken, ya ce ai wannan na Mani wanzami ne, shi ya yi wa ɗansa kaciya, me ya raba shi da shi? Na yi masa bayani, ya girgiza kai ya ce Allah ya sa a dace, amma shi bai taɓa jin an kai keke asibiti wata ƙasa ba. Muka gangara Babban Mutum, nan kuma kwastan ake ce musu. Kaki daban, hula daban, amma da ɗayansu ya buɗe baki sai ga Hausarmu, har ya ce gwaggonsa na aure a Bande. Duk da haka da sunan mutumin Faranshi ya riƙa kirana har muka rabu, ni da ban taɓa ganin Faransa ko a mafarki ba.

Muna barin shingen sai na ga Ilu ya karkata mota ya koma hannun hagu, ga wata babbar mota na tahowa. Na ɗauka gyangyaɗi ya kama shi. Na shiga dukan rufin mota da tafin hannu ina salati, har ya tsaya ya leƙo. Da ya gane abin da ya faru ya yi dariya har da hawaye. Ashe su Najeriya hagu suke bi, gadon Ingilishi, ko da yake ana ta maganar wai baɗi za su dawo hannunmu. Wata tsohuwa da muka ɗauka a kan iyaka ta ce kada in ji kunya, ita ma ranar farko sai da ta yi wasiyya. Ita ce ta saya mini fura a Babura, ta tsaya a kan mai nonon har sai da ta ƙara ludayi, wai kada baƙo ya koma ya ce mutanen Ingilishi marowata ne. Furar ta fi tamu yaji, tamu kuma ta fi ta ƙamshin hatsi, ban dai faɗa mata ba. Daga Ɗambatta muka hau gudro, kwalta a bakinsu, keken ya daina dukan haƙarƙarina.

Ba zan ɓata muku lokaci da girman Kano ba, duk wanda ya je ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai kekuna ne. Malami da littattafansa, mahauci da cinyar sa a baya, ma'aikaci da farar riga, kowa a kan keke, ƙararrawa ta ko'ina kamar an saki garken awaki masu ƙararrawa a wuya. Ilu ya sauke ni tasha ya kwatanta mini gidan Alhaji Ummaru a Fagge, mutumin Damagaram da ke saukar da 'yan ƙasarmu. Na hau keke na kama hanya. Duk dariyar da aka yi mini a kan iyaka ba ta shiga ƙafata ba, ina shan kwana na koma hannun dama yadda na saba. Ban ankara ba sai ga ni a ƙasa, ga wani ɗan garuwa a ƙasa, ga ruwa tun daga hulata har takalmi.

Na tashi ban duba jikina ba, keken na fara dubawa. Mutumin ya buɗe baki zai zage ni, da ya ji na ce ya yi mini gafara sai ya tsaya, ya ce daga ina? Na ce Dungas. Ashe Sale ne, mutumin wajen Mallawa, ya zo cin rani, kuma Baba ne ya yi masa tsagar da ke fuskarsa. Faɗa ya koma gaisuwa. Ya ɗauki garewaninsa wayam ya raka ni har ƙofar Alhaji Ummaru, yana gaba ina biye ina tura keke, kowane lungu yana ce mini hagu, ɗan wanzami, hagu.

Zauren Alhaji cike yake da mutanenmu, masu dabbobi, masu kanwa, masu jiran jirgin Makka. Ba a tambaye ni ko sunana ba sai da na ci na sha. Tuwon shinkafa aka fito da shi, fari tas, mai daɗi, sai dai ba ya zama a ciki kamar na hatsi, kafin a jima yunwa ta dawo. Da safe kuma gurasa da ƙuli da yaji, da wani burodi mai laushi mai zaƙi kamar an haɗa shi don marasa haƙori, ba irin dogon nan na Damagaram da ke yanka dadashi ba. Gaisuwarsu gajera ce. Kafin ka tambayi gida da gajiya da dabbobi, Bakano ya amsa duka ya wuce. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne, daga baya na gane kowa na da inda za shi.

Na nufi kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan keke. Na farko da na yi wa bayani ya ce ai abu mai sauƙi ne, ya fito da wani faifan haƙora babba, ya cire ƙafar baya, ya kwance tsohon, ya fara murɗa sabon. Ya shiga kaɗan ya cije. Ya sake, ya cije. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko guduma. Ban san lokacin da na fizge ƙafar na rungume ba. Wani maƙwabcinsa da ke kallo ya ce ba za ta shiga ba ko za a kwana ana bugu, murɗin Faransa da na Ingila ba sa shiga juna, a ido ɗaya suke amma ba ɗaya ba ne. Na ɗauko keken mutum, na tsallaka ƙasa da shi, ashe iyakar da na wuce a Tinkim tana nan a cikin ƙarfen. Mutumin ya ga yadda fuskata ta yi, ya ce in je bayan tashar jirgi in tambayi Malam Tanko, in shi ya ce ba ta yiwuwa to in koma gida.

Malam Tanko gajere ne, furfura ta cinye gemunsa, ya yi shekaru yana aikin ƙarfe a reluwe kafin ya buɗe rumfarsa. Bai taɓa keken ba sai da ya gama da ni. Wa ke hawa? Shekarunsa? Mai jiki ne ko siriri? Wace gwiwa ce? Me yake ɗauka a baya? Rairayin nan, mai laushi ne da ƙafa ke nutsewa ko mai tsakuwa? Da wace riga yake hawa? Ko lokotoro bai taɓa yi mini tambayoyi haka ba. Da na ba shi labarin hannun Yaya da jaririn, sai ya gutsuri goro yana taunawa. Ya ce duk samarin da ke zuwa wajensa gudu suke nema, ni ne na farko da ya zo daga wata ƙasa neman a rage wa keke sauri.

Sannan ya durƙusa ya shafa sarƙar, ya kai yatsa hanci. Ya ce, "Wannan sarƙa ce ko ƙuli-ƙuli?" Na ce man gyaɗa Yaya ke zuba mata, mu can shi muke da shi. Ya ce shi ya sa ta kama rairayi ta yi kauri, rabin ciwon gwiwar nan ma daga nan yake.

A cikin rumfar akwai wani keke rataye, na wani Bature malamin makaranta, siriri kamar barewa. A bayansa faifai ne hawa-hawa, daga ƙarami zuwa babba, da wani ɗan hannun ƙarfe da ke lilo a ƙasa. Malam Tanko ya juya feda ya ja wani ƙarfe, sai na ga sarƙa ta ɗaga da kanta ta tsallaka daga wannan faifai zuwa wancan, ƙaras, ba ta faɗi ba. Ya sake ja, ta sake hawa. Wallahi na daɗe ban ga abin da ya burge ni haka ba. Na sa ya maimaita har na ji kunya. Ya ce wannan shi ne sabon yayi a ƙasashen Turai, masu tsere da masu hawan duwatsu shi suke so, kuma kowace shekara ana ƙara masa faifai. Na ce shi nake so, ko nawa ne. Ya ce a'a. Komai nasa a waje yake, rairayinmu zai cinye shi kafin damina, kuma babbar rigar wanzami za ta shiga cikinsa tun ranar farko. Ya ce abu mai kyau ne ƙwarai, amma ba domin Yaya aka ƙera shi ba.

Ya shiga ciki ya fito da wata cibiyar ƙafa mai kauri, rufaffiya ruf, ta wani tsohon keken Ingila da mota ta take gabansa. Ya shimfiɗa tsumma ya buɗe ta a gabana. Cikinta wasu 'yan ƙananan faifai ne masu haƙora suna kewaya wani na tsakiya, kamar 'yan mata a dandali suna zagaya makaɗi. Wata 'yar sarƙa siririya na fitowa daga gefe, in ka ja ta sai aikin ya koma daga waɗannan zuwa waɗancan. Giya uku ke nan a cikin abin da bai wuce dunƙulen hannu ba, ba inda rairayi zai shiga. Na riƙa juya ta a tafina ina tunanin mutumin da ya zauna ya ƙago wannan. Ko wane ne shi, Allah ya ba shi kai.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ramukan wayoyin cibiyar sun fi na ƙafar Faransa yawa, don haka dole ƙafar baya gaba ɗaya ta zama ta Ingila. Ya nemo wadda girmanta ya yi kusa, ya ɗaura wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da yatsa yana saurare. Ya goge bakin ƙarfen da ƙafar ke zama, ya matsar da burki, ya ja waya har kan keke ya ɗaura ɗan maƙunnin sauyawa inda babban yatsa zai kai. Sannan ya yi abin da ya ce bai taɓa yi wa kowa ba: ya sa faifan baya mafi girma da yake da shi, ya ƙara wa sarƙa tsawo, don duk giyar uku su sauko su yi laushi. Murfin sarƙa kuwa ya mayar da shi yadda yake saboda riga. Kwanaki na tafiya, ni ina zaune a kan benci ina lissafin cikin matar da ban taɓa gani ba. Na ce ya taimaka ya hanzarta. Ya ce in ya hanzarta zan sake dawowa Kano, in zaɓa.

Da ya gama bai yarda in tafi ba. Ya ce a kan kwalta kowane keke gwani ne. Ya aro babbar riga ya sa, muka je wani fili bayan ganuwa inda masu jakai ke ɗibar yashi. Ya rage wa tayoyin iska kaɗan, ya ce in riƙe wannan ma, taya mai laushi ba ta nutsewa. Ya hau ya shiga yashin, ya taɓa maƙunnin, sai ƙafafunsa suka shiga juyawa da sauri, keken kuwa na tafiya a hankali kamar hawainiya, amma bai tsaya ba har ya fita ɗaya gefen. Masu jakai suka bar aiki suna dariya. Ya dawo ko haki ba ya yi. Ya koya mini cewa in za a sauya sai an ɗan dakatar da ƙafa, ba a sauyawa ana takawa da ƙarfi. Ya nuna mini wani ɗan rami a jikin cibiyar, ya ce man keken ɗinkina shi ne abincinta, ɗigo kaɗan, man gyaɗa kuma a bar wa miya. Da muka zo sallama ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ga yadda suka yi mini dariya? Haka za a yi wa yayanka. Ƙarfe na gyara, wannan kuma ba ni da maganinsa."

Ilu ya dawo da ni. A Tinkim dattijon duwan ya zagaya keken, ya ce gaba Faranshi, baya Ingilishi, wannan ai ɗan Magarya ne sosai, uwa nan uba can. Ya hau ya zaga bishiya, ya sauko yana murmushi, ya ce in gai da Mani. A nan na ji daga bakin wani mai jaki cewa an haihu gidan Maigari Ɗan Ladi, namiji, suna jibi. Ban kwana Magarya ba, na nemi motar Dungas.

Yaya ya karɓi keken ya duba shi gaba da baya. Na nuna masa komai. Ya hau a ƙofar gida ya sa mai laushin, da ya ji ƙafafunsa na wulwulawa sai ya taka ƙasa ya sauka. Ya ce shi ba yaro ba ne da zai riƙa wutsil-wutsil a gaban mutane, dattijo a kan keke taku ɗaya-ɗaya yake yi. Na ce sannu ba ta hana zuwa. Ya ce shi ma ya san karin magana. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tuna ruwan Sale da gudumar Sabon Gari, amma wa ne, na haɗiye.

Ranar suna bayan asuba muka kama hanya, shi a nasa, ni a wani da na aro. Yana ta tafiya da giyar tsakiya, ƙeya a miƙe. Rana ta fara ɗagowa muka iso gindin tudun. Kamar da gayya, ga mata cike a rijiyar da ke wajen, ga mutanen da ke tafiya sunan a ƙasa, duk sun san shi. Na sauka na fara turi. Na ga keken Yaya ya shiga rairayi ya fara tangaɗi, na ga ya miƙe yana danna gwiwar nan, na ga ƙafarsa ta hagu ta fara neman ƙasa. Sai ya dubi hannunsa a kan keken. Ya dakatar da feda, babban yatsansa ya motsa, na ji ɗan ƙaras.

Dariya ta tashi daga rijiya. Wata ta ce Mani yau tsere ake da wa, ƙafa na gudu keke na barci? Wani ya ce ko aljanu ne suka hau shi. Bai waiwaya ba. Ƙafafu na juyawa, riga na kaɗawa, keken na hawa taƙi-taƙi. Tun ana dariya har aka rage, har aka yi shiru, don kowa a wurin ya san ba a taɓa hawa tudun nan a kan sirdi ba. Ni ina ƙasa ina turi ina haki, hawaye na zubo mini, ban damu da wanda ya gani ba. Da na kai sama ya yi nisa.

Na iso gidan Maigari na tarar an raɗa suna, an yanka rago. A gefen zaure ga wani wanzami zaune da zabirarsa, ashe Maigari ya kira shi ko da za a yi irin ta bara. Yaya na kan tabarma, an miƙo masa jaririn cikin zane. Ya jiƙa kan da ruwa, ya buɗe aska. Ban iya kallo ba, na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa har sai da na ji matan cikin gida sun rangaɗa guɗa. Na ɗago na ga kan yaron fes, ko ƙwarzane babu. Wancan wanzamin ya ci nama tare da mu, ya rataya zabirarsa ya tafi.

Yaya bai yi mini godiya ba, kuma ban sa rai ba, ba halinsa ba ne. A hanyar dawowa abin da ya ce kawai shi ne in riƙa kawo masa man nan in zan zo. Da muka isa gida ya jingine keken a inuwa, ya goge cibiyar da gefen rigarsa. Na ɗauki jakata zan nemi motar Magarya, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure ya buɗe zabira.

Ya ce, "Zauna. Dubi kanka kamar na mahaukaci, haka ka je ƙasar mutane?"

Na cire hula na zauna. Ya jiƙa mini kai, ya dafa ƙeyata da hannun hagu kamar yadda yake yi tun ina yaro, ya ɗora askar. Na rufe ido ina jin tafiyarta daga goshi har ƙeya. Hannun bai yi rawa ba.